Takarda, yumɓu, yashi ko kwali: da wanne za a motsa Gizo?

Tun hunturun bara nake ɗauke da wani gajeren fim a raina. Tatsuniyar Gizo ce da Giwa da Dorina, kamar yadda na ji ta a bakin kakata: an yi fari, Gizo ya ci bashin hatsi a wurinsu su biyun, ya yi wa kowacce alkawarin doki. Da lokacin biya ya yi, sai ya miƙa wa Giwa bakin igiya a daji, ya miƙa wa Dorina ɗaya bakin a kogi, ya ce wa kowacce, "Dokinki na ɗaure a can ƙarshe, ki ja." Minti 3 nake so fim ɗin ya yi, kuma da hannu nake so in yi shi, hoto bayan hoto, irin yadda aka yi katun kafin zuwan kwamfuta.

Lissafi ne ya fara tsayar da ni. Fim yana tafiya a kan hoto 24 cikin kowane sakan. Masu katun sun daɗe da gano cewa in aka ɗauki kowane zane sau biyu ido ba ya ƙorafi, saboda haka 12 sun wadatar. Minti 3 sakan 180 ne, ka ninka da 12, ka samu 2,160. Sau 2,160 ke nan hannunka zai taɓa abu, ya janye, ka danna kyamara. Duk hanyar da mutum ya zaɓa, da ita zai kwana ya tashi na tsawon watanni, don haka ban yarda in zaɓa da ka ba. Na ware sakan 10 daga tsakiyar labarin, daidai inda Giwa ta naɗe igiya a haurenta ta fara ja, Gizo kuma ya lallaɓa ya haye bishiya, na yi wannan gutsuren sau huɗu, da hanya huɗu. Abin da na gani shi zan faɗa, don wanda ke tsaye inda na tsaya ya rage wa kansa ɓata lokaci.

Akwai kayan da duk hanyoyin suka yi tarayya a kai. Waya mai kyamara ta isa, in aka sa mata manhaja irin Stop Motion Studio, wadda ke nuna maka inuwar hoton da ka ɗauka a baya a kan na yanzu, ka ga iya motsin da ka yi. Dole wayar ta kafe ƙam, ko a kan ƙafar kyamara ko a kan katakon da kafinta ya huda maka, kuma kada ka taɓa ta da yatsa: maɓallin ƙara sauti na abin kunne yana ɗaukar hoto a wayoyi da yawa. Ka kulle saitin haske da na gani, don kada wayar ta riƙa gyara su da kanta tsakanin hoto da hoto. Sai babban abu, fitila. Hasken rana yana sauyawa kowane minti, wutar gari kuma tana hawa tana sauka, kuma duk wani ɗan sauyi zai fito a fim kamar ƙiftawar ido. Na rufe taga da bargo, na yi aiki da dare, da ƙwan fitila a kan batirin sola.

Zane a kan takarda

Da wannan na fara, domin shi ne abin da kowa ke tunani in an ce katun. Da shi Émile Cohl ya yi fim ɗinsa a Faransa a 1908, zane wajen 700 da ba su cika minti 2 a majigi ba. Kayan aikin ba su da tsada: rim na farar takarda mai shara-shara, fensir, magogi, da akwatin haske, wato akwati mai gilashi a sama da fitila a ciki, don ka riƙa hango zanen ƙasa ta cikin takardar sama. Abin da ba a raina shi ne ramin takarda. Kowace takarda sai an huda ta a wuri ɗaya, a zura ta a turaku iri ɗaya lokacin zane da lokacin ɗauka, in ba haka ba hoton zai riƙa rawa. Na yi amfani da abin huda takarda na ofis, kafinta ya dasa mini turaku biyu na katako daidai da ramukan.

Ba daga zane na 1 ake farawa a bi har na 120 ba. Ana fara zana manyan tsayuwa: Giwa kafin ta ja, Giwa ta tanƙwara baya iya ƙarfinta, Giwa ta zame. Sannan a cike tsakaninsu. A nan ne na ga abin da takarda ke iyawa wanda sauran ba su kai ta ba. Jikin Giwa yana iya miƙewa kamar roba ya dawo, kumatunta su kumbura, idon Gizo ya ƙanƙance da mugunta sannan ya buɗe da tsoro, duk cikin rabin sakan. Babu nauyi, babu faɗuwa, abin da hannu ya iya zanawa shi ne iyakar abin da zai faru. Wata falalar kuma, in zane na 47 ya ɓaci, shi kaɗai za ka sake. Za ka iya zane da rana a shago ko a inuwar zaure ba tare da wuta ba, ka kuma raba aikin cikewa ga abokai biyu ko uku.

Sai dai Gizo ƙafa takwas gare shi. Wannan magana ba ta dame ni ba sai da na zauna zana su sau 120, kowacce da inda ta dosa. A zane na 30 na lura Gizon nawa ya fara ƙiba, a na 60 kansa ya ragu, domin hannu yana zamewa kaɗan-kaɗan ba ka sani ba. Dare 9 sakan 10 ɗin nan suka ci mini. In kowane zane ya ɗauki minti 10, fim ɗin gaba ɗaya awa 360 ne, wato dare 120 in kana ba shi awa 3 kullum ba fashi, ban da launi, ban da zanen da za ka yaga. Takarda kuwa sama da rim 4 mai 500.

Akwai kuma matsalar bayan fage. Takarda ba ta nuna abin da ke bayanta, don haka ko dai ka sake zana bishiya da kogi a kowane shafi, ko ka bar bayan fari fat. Wannan ne ya sa Earl Hurd ya yi rajistar dabarar zane a kan farar leda mai gani a Amurka a 1914, a ɗora ta a kan zanen daji guda ɗaya da ba ya motsi, kuma da ita manyan kamfanoni suka yi aiki shekara da shekaru. Yau an fi ɗaukar zanen takardar a hoto a haɗa shi da bayan fage a kwamfuta, da manhajoji na kyauta irin Krita ko OpenToonz. Ana kuma rage aiki da dabaru: tafiya zane 8 ce da ake maimaitawa, kuma in Giwa ta tsaya tana sauraro, zane ɗaya zai iya zama sakan guda. Duk da haka, gaskiyar ita ce takarda ta wanda hannunsa ya riga ya faɗa da zane ce. In har yanzu kana fama da zana fuska ɗaya sau biyu ta yi kama, hanyar nan za ta koya maka zane, amma fim ɗin zai jira shekara.

Yumɓu da 'yar tsana

Na fara da yumɓun masu tukwane, domin shi ne a kusa. Bai yi ba. A iskar hunturu, ƙarƙashin fitila, kafin in kai hoto na 15 hancin Giwa ya bushe ya tsage. Wanda masu wannan sana'a ke amfani da shi yumɓun roba ne mai maiƙo, irin na 'yan makarantar reno, wanda ba ya bushewa. Shi kuma zafi ne abokin gabarsa. A ɗakin da aka rufe taga da bargo aka kashe fanka, yumɓun yana laushi, kunnen Giwa ya riƙa sunkuyawa da kansa tsakanin hoto da hoto, ƙura ta manne masa, kowane yatsa ya bar shaidarsa. A hunturu ke nan. Wanda zai gwada wannan a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ya tanadi kula mai ƙanƙara a gefe yana saka jaruman nasa suna hutawa.

Ciki kuma sai da ƙashi. Ana murɗa wayar alminiyam biyu a yi ƙashin baya da ƙafafu, a ɗaure tafin ƙafa da dandamali ta ƙasa don kada abin ya kife. Na gwada wayar tagulla ta masu naɗin kwayil, ta karye a gwiwa bayan lanƙwasa kaɗan. Giwa ta yi kyau ƙwarai, nauyinta na gaske ne, inuwarta ta gaske ce, kuma da ta tanƙwara tana ja sai ka ji ƙarfin a jikinka. Gizo ne ya ƙi. Siraran ƙafafu takwas ba sa ɗaukar jiki mai nauyi, hawa bishiya kuwa sai da na rataye shi da zare ta sama. Kogi ma wata wahalar ce, domin ruwan gaske ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto-hoto. Mafi ciwo, babu komawa baya. A hoto na 80 gwiwar hannuna ta bugi bishiyar, ta gusa da kamar faɗin yatsa, duk abin da na yi a daren ya tafi.

Ba laifin hanyar ba ne, haka take cin lokaci ko a hannun gwanaye. Nick Park na Ingila ya fara fim ɗinsa na farko na yumɓu yana ɗalibi a 1982, bai fito ba sai 1989, kuma bai kai rabin awa ba. Amma wanda ya fi dacewa mu duba yana nan kusa da mu. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a Wagadugu a 2015, makanike ne da ya koyi harkar fim a Yamai tare da Bafaranshe mai yin fim Jean Rouch, ya je Kanada ya ƙaro sani a wurin gwanin katun Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, gajeren katun na zane a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, daga baya kuma ya yi Kokoa, inda kwaɗi ke kokawar gargajiya a fage. A Tawa ya zauna, ya mai da wani ɓangare na otal ɗinsa ɗakin aiki. Darasin da na ɗauka daga gare shi mai sauƙi ne: a ƙasar zafi, 'yar tsana ta ƙyalle da katako da waya ta fi yumɓu haƙuri. Tela zai ɗinka mata riga daga ragowar yadi, ba ta narkewa, kuma za ta yi maka fim uku.

Wani abin da ba zan tsallake ba: a gidajenmu da yawa ana ɗari-ɗari da ƙera mutum-mutumin abu mai rai saboda addini. Wanda wannan ya tsaya masa a rai, ya je ya tambayi malaminsa tun kafin ya sayi waya da yumɓu, kada ya yi nisa sannan zuciyarsa ta ƙi aikin.

Yashi, da ɗan'uwansa gawayi

Wannan ita ce mafi araha, kuma ita ta fi ba ni mamaki. Akwatin hasken nan na zane shi ne dai, sai ka shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin gilashin don hasken ya bazu, ka zuba yashi mai laushi a kai, wanda ka wanke ka shanya ka tankaɗe da rariya. Inda yashi ya yi kauri baƙi ne, inda ya yi shara-shara ruwan ƙasa ne mai haske kamar zuma, inda ka share fari ne. Da yatsa ake zane, da gashin kaza, da tsinken tsintsiya. Caroline Leaf ta yi fim ɗinta na farko da yashi tana ɗaliba a Amurka a 1969, a 1974 kuma a Kanada ta yi wata tatsuniyar Inuit, mutanen yankin ƙanƙara, ta mujiya da ya auri dinya, da wannan hanyar.

Ƙurar da ƙafar Giwa ta tayar, da kogin da ya yamutse lokacin da Dorina ta yunƙura, babu hanyar da ta fito da su kamar yashi. Dare 2 kawai na yi. Amma kowane hoto sai ka rushe na baya kafin ka gina shi, don haka babu abin da ya rage a hannunka in ban da abin da kyamara ta ɗauka, kuma kuskure ɗaya ba shi da magani. Atishawa ɗaya ta isa. Riƙe kamannin jarumi kuma yana da wuya: Gizon yashi a sakan na 1 da na sakan na 8 kamar wa da ƙane suke. Fuska da motsin baki kuwa sai dai a haƙura. Gawayi haka yake, ka zana a kan takarda ɗaya, ka ɗauka, ka goge kaɗan ka ƙara kaɗan, kamar yadda William Kentridge na Afirka ta Kudu ke yi tun 1989, inda sawun abin da aka goge ke zama cikin hoton kamar tunanin da ya ƙi tafiya. Ga waƙa, ko mafarki, ko labarin rashi, waɗannan biyun sun dace. Ga Gizo mai surutu da zamba, su kaɗai ba za su riƙe minti 3 ba.

Yankan kwali a kan haske

Na bar wannan a ƙarshe saboda na raina shi. Na ɗauka aikin yara ne. Sai da na zauna na kalli abin da Lotte Reiniger ta yi a Jamus: fim mai tsawon sama da awa guda, wanda ta ɗauko daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, ta shekara 3 tana yi, ya fito a 1926, kuma shi ne dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya. Da almakashi ta yi shi. Ta yanka jarumanta daga baƙin kwali da siraran fallayen darma, ta haɗa gaɓoɓinsu, ta kwantar da su a kan gilashi mai haske ta ƙasa, kyamara na kallo daga sama. Abin da ke fita inuwa ce zalla, irin wasan inuwa na fata da aka daɗe ana yi a Indonesiya da Turkiyya da Masar.

Aikin yana gaba ne, wurin yanka. Na zana Giwa sau ɗaya tak, a gefe, na raba ta gunduwa-gunduwa: kai, kunne, gangar jiki, kowace ƙafa biyu, hanci kuma gaɓa 7 don ya iya naɗewa. Kowace gaɓa na huda ta da allura, na zura zare na ƙulla ta bayanta, ba tsam-tsam ba, yadda za ta juya amma ba za ta yi lilo ba. Gizo ya ci gaɓa 20 da 'yan kai. Kwana 3 na yi ina yanka da reza da ƙaramin almakashi. Amma da na gama, ƙafafu takwas ɗin da suka wahalar da ni a takarda suka zama abin da nake turawa da tsinke, ɗaya bayan ɗaya, kuma Gizo bai ƙara ƙiba ko ramewa ba, domin shi ɗin ne dai. Igiya kuwa zaren auduga ne na goga masa kyandir, duk yadda na lanƙwasa shi haka yake zama. Sakan 10 ɗin a dare ɗaya na ɗauke su.

Kunnen Giwa ne ya kai ni Kasuwar Kurmi. Inuwa baƙa ƙirin ba ta da ado, ina so haske ya ratsa ta wani wuri. Na samu wani dattijo baduku yana huda fatar akuya, na nuna masa kwalin a tafin hannuna.

"Baba, irin wannan adon na jikin jaka nake so a kunnen nan."

Ya juya shi, ya ɗaga shi sama wajen hasken ƙofa. "Yaro, wannan kwali ne, in na buga masa ƙarfe zai yage. Bari in fitar maka da shi a fata, ka manna a kai ka yanke cikin."

Ya ɗora guntun fata a kan katako, ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai baki kamar ƙwayar gero, ya bi gefen kunnen yana bugawa da sauri ba tare da ya auna ba, sannan ya sauya wani ya fitar da tauraro a tsakiya. Da dare na kwantar da kunnen a kan gilashi na kunna fitila, sai ga ɗigo-ɗigon haske a jere, suna motsi duk lokacin da Giwa ta kaɗa kai. Wannan ado ba daga Jamus ya zo ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe jakar Kano zai gane shi.

Bayan fage ma ya zo da sauƙi. Takarda mai shara-shara in ka ɗora ɗaya toka-toka ce mai haske, biyu ta ƙara duhu, uku ta ƙara, don haka da ita kaɗai na yi daji mai nisa da na kusa. Jan leda a ƙarƙashin gilashi ta ba ni faɗuwar rana.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Jarumin kwali a gefe yake rayuwa. Ba ya juyowa ya kalle ka, in kuma kana so ya waiwaya sai ka yanka wani kan dabam ka musanya. Babu lumshe ido, babu murmushi, duk abin da ke zuciyarsa sai ya fito ta tsayuwarsa: yadda ya sunkuyar da kai, yadda ya ja ƙafa, tsawon lokacin da ya yi shiru kafin ya motsa. In ka yi gaggawa motsin zai fito a sandare kamar na ƙofa. Kwali yana nannaɗewa in ya ji ɗumi, dalilin da ya sa Reiniger ta haɗa da darma ke nan. Ni na manna ƙananan zobban ƙarfe masu faɗi a bayan manyan gaɓoɓi, kuma fitilata ba mai zafi ba ce. Fanka a kashe, kamar a yashi. Kuma shi ma ba a komawa baya, sai dai in an yi kuskure, inuwar hoton baya da manhaja ke nunawa tana taimaka maka ka mai da kowace gaɓa inda take, abin da ba ya yiwuwa da yashi kuma yake da wuya da yumɓu.

Na haɗa gutsuren huɗun na nuna wa 'yar yayata mai shekara 7. Ta yi dariya a na takarda, ta kai hannu za ta taɓa Giwar yumɓu, ta yi shiru a na yashi. Da na kwali ya zo sai ta ce, "Kawu, wannan da dare ne, ko?" Ban gaya mata ba. Tatsuniya da dare ake yin ta, kuma wanda ya taso yana jin ta a tsakar gida, fitila a gefe, inuwa na rawa a bango, ya riga ya saba cike fuskar Gizo da kansa.

To, wa ya kamata ya ɗauki wanne?

Ka fara duba abin da ke motsi a labarinka. In fuska ce, in labarin na mutum biyu ne da ke zaune suna magana kuma komai ya rataya a kan kallo da taɓe baki, takarda ce taka, ka rage tsawon fim ɗin zuwa minti 1 ka yi shi da kyau. In jiki ne da nauyi, kokawa, dambe, faɗuwa, jaki da kaya, ka nemi 'yar tsana ta ƙyalle, kuma ka tabbata kana da ɗakin da za ka kulle na wata biyu ba wanda zai shiga ya share. Wannan sharaɗin ba ƙarami ba ne, domin dandamalin 'yar tsana ba a naɗe shi a ajiye, alhali akwatin haske ana tura shi ƙarƙashin gado. In iska ce da ruwa da hayaƙi da abin da ke rikiɗa, yashi. In kuwa jarumai ne da yawa, masu tafiya da gudu da hawa da sauka, kuma kai kaɗai ne, ga aikin neman abinci da rana, kwali zai kai ka ƙarshen fim.

Ta fuskar kuɗi, yashi kusan kyauta ne, kwali na biye da shi, takarda tana ci a hankali rim bayan rim, 'yar tsana ce mai cin jari tun farko saboda waya da yadi da dandamali da fitila biyu ko uku. Ta fuskar taimako, takarda kaɗai ake rabawa mutane su tafi da ita gida. A kwali za a iya taya ka yanka, amma motsawa hannu ɗaya take so.

Kowacce ka ɗauka, murya ce farko. Ka naɗi maganar kafin ka motsa komai, ka saurare ta da agogo, ka rubuta a takarda cewa daga hoto kaza zuwa kaza ana faɗin kalma kaza. Gizo yana da tsamin baki, kuma rabin dariyar tatsuniyar a nan take, don haka motsin ne zai bi muryar. A inuwa wannan ya zo mini da rangwame, muƙamuƙi ɗaya ne mai buɗewa da rufewa, alhali a takarda sai na zana siffar baki kala-kala.

Ni dai na tsaya a kan kwali, amma ban bar yashi ba, tunda akwati ɗaya suke amfani da shi. Kafinta yana yi mini sabo mai hawa biyu: gilashin ƙasa na yashi, don kogi da ƙura, na sama kuma na Gizo da Giwa da Dorina, da tazarar kamar taƙi ɗaya a tsakani don hannu ya shiga. In na riƙe sakan 10 a dare, dare 18 ke nan. Na ninka shi biyu saboda kuskure da ranakun da batir zai gaza, na ba kaina wata biyu. Gwaggona ta yarda za ta yi muryar mai ba da labari, daga "Ga ta nan, ga ta nanku" har "Ƙurunƙus", ranar Juma'a bayan la'asar za mu naɗa. Dorina ce ban yanka ba tukuna, ina ta gwada yadda bakinta zai buɗe ba tare da gaɓar ta fito fili ba.